Motar da Ta Biyo Su Nabiha

Ranar da aka koma makaranta, Hajiya Suhaila ta raka 'yarta Nabiha har bakin mota, ta gyara mata hijabi, ta tofa mata addu'a. Malam Sagiru direba ya ja suka tafi. Makarantar a nan cikin Nassarawa take, ba wata tafiya ba ce.

Hantsi ya dubi ludayi, tana kicin, sai waya ta yi ƙara. Malamar ajin Nabiha ce.

"Hajiya, lafiya Nabiha ba ta zo ba? Bana an ce duk yaron da ba mu gani ba mu kira gida."

Hajiya ta ce, "Ba ta zo ba kamar yaya? Tun da safe fa suka fita!"

Ta kira Sagiru, ba a ɗaga ba. Ta sake kira, shiru. Maigidan yana Abuja, wayarsa a kashe. Ta fito tsakar gida ba takalmi tana salati. Labaran da ta sha ji na direbobin da aka haɗa baki da su aka sace yaran gida suka yi ta dawo mata. Sagiru ya daɗe a gidan nan, mutumin kirki ne. To, ai waɗancan ma haka aka ce.

Sai ga baƙuwar lamba. Da ƙyar ta iya ɗagawa.

"Hajiya, Sagiru ne. Muna ofishin 'yan sanda. Nabiha tana nan lafiya lau."

Ashe tun daga bakin layi wata baƙar mota marar lamba ta biyo su. Ya karya kwana, ta karya. Ya ƙi tsayawa a makarantar, ya miƙe hanyar Hotoro, tana manne da su. Shi ne ya danna cikin harabar 'yan sanda, ya sunkuci yarinyar ya yi ciki, ya manta waya a mota.

Da Hajiya ta isa, Nabiha ta rungume ta. "Mama, Baba Sagiru ya sa na kwanta a ƙasan kujera, kayana duk sun yi datti."

Sagiru yana zaune a benci. Kunyar abin da ta zata ta hana ta haɗa ido da shi.

Baƙar motar dai ba a sake ganin ta ba. Washegari Hajiya ta shiga bayan mota kusa da 'yarta, tana waiwaye har suka isa makaranta.