Wayar Banza

A situdiyon nan kowa ya san Injiniya da taurin kai. Duk mai jitar da ya zo ɗaukar waƙa sai ta haɗa masa waya biyu. Ɗaya ta tafi amfilifaya, na'urar ƙara sauti, inda makirufo ke jira. Ɗayar ta zarce kwamfuta da sautin jitar ɗanye, ba ƙari ba kwalliya. Mai situdiyo ya laƙaba wa ta biyun suna wayar banza, don sau uku yana tuntuɓe da ita. Injiniya kuwa ko a jikinta.

Kawunta ne ya kaɗa jita a waƙar ƙarshe ta wani sabon faifai da ake haɗawa a situdiyon. Shekara arba'in yana kaɗa wa mawaƙa a bayan fage, wannan ne karon farko da za a buga sunansa a jikin faifai. Sai da aka zo haɗa sauti aka ji amfilifayar situdiyo ta yi ta ƙugi daga farkon waƙar har ƙarshe. Aka ce ya dawo ya sake. Kafin ranar ta zo, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, har da hannun da yake danna tsirkiya da shi.

"Injiniya, goge jitar tsohon nan," in ji mai situdiyo. "Na kira wani, gobe zai maimaita."

"Ba zan goge ba, Oga."

"Ba ki ji ƙugin ba? Kamar a gidan niƙa aka ɗauka!"

"Na ji. Amfilifayarka ce ta yi ƙugi, ba kawuna ba."

"To, raba su mu gani."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta haɗiye. Washegari da safe ta ɗauko Kawu a tasi, tare da tsohuwar amfilifayarsa mai yagaggen ƙyalle, wadda ta jawo daga ƙarƙashin gadonsa. Ta zaunar da shi kusa da ita a ɗakin ɗauka. Sabon mai jitar na tsaye a bakin ƙofa tare da mai situdiyo, jakarsa a kafaɗa.

"Ɗiyata, me kika kawo ni yi?" Kawu ya ce, yana rufe hannun hagu da hannun riga. "A kalle ni a ce Allah sarki?"

"Kiɗa za ka yi, Kawu."

Ta nemo ɗanyen sautin da wayar banza ta adana, wanda ƙugi bai taɓa ba. Ta bi da shi ta wani ƙaramin akwati da ke mayar da shi kamar yanzu ya fito daga jita, ta jona a amfilifayar Kawu, ta kafa makirufo, ta danna. Sai ga jita tana kuka a ɗakin, babu mai riƙe da ita. Yatsunsa ne sak, har da ɗan jinkirin nan da yake yi kafin amshi.

Ta ɗauka zai yi hawaye. Ina! Fuska ya tamke.

"Wa ya saita wannan? Ya yi kaifi, sai ka ce ana yanka langalanga."

"Sai ka gyara. Hannun dama ai lafiyarsa lau."

Ya harare ta, ya miƙa hannu ya murɗa maɓalli. Ya ce a sake. Ta sake. Ya ce a ja makirufo baya da taƙi ɗaya, ta ja. Sau tara suna maimaitawa, kiɗan bai gaji ba, bai yi kuskure ba, shi kuwa yana ta gyara masa murya. A na taran ya ɗaga kai, ita ma ta ji an zo wurin. Daɗi ya cika ta.

Sabon mai jitar ya gyara jakarsa. "Oga, ni ba zan sa hannu a kan wannan ba. Sai wani aikin."

Mai situdiyo ya soma kame-kame, wai dama shi ƙugin ne kawai ya dame shi. Kawu ya juyo ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne ka ce a goge ni?"

Bai jira amsa ba. Ya ce, "Ɗiyata, maido daga farko." Ya kama maɓallin ƙara ya murɗe shi har ƙarshe, gilashin ɗakin ya hau rawa.