Rubutun Hannun Yayana

Aikina a sashen nazarin halayyar ɗan Adam ba wani abin a zo a gani ba ne. Mutane su cika takardun tambayoyi, ni kuma in zuba amsoshin a kwamfuta har idona ya yi ja. A wannan karon ma'aikatan wata masaƙa ne, su ɗari huɗu da 'yan kai, ana son sanin yadda damuwa take cin su. Babu suna a takarda ko ɗaya, sai lamba. Ni da bakina na tsaya a ɗakin cin abincinsu na yi musu alkawarin ba wanda zai gane wanda ya rubuta me.

Ranar Laraba da hantsi na iso lamba 287. Rubutun yayana ne, wanda yake gyaran injuna a masaƙar. Ko daga barci na tashi zan gane harufan nan nasa masu kwanciya ta hagu kamar za su faɗi. Tambaya ta sha tara tana cewa: sau nawa kake jin gara a ce ba ka raye? Ya zagaye "kullum". A filin ƙarin bayani ya rubuta cewa ya riga ya san yadda zai yi, yara ne kawai suka riƙe shi.

Ban ji komai a raina ba. Na shigar da amsar, na tashi na wanke kofin shayina, wanda dama a wanke yake.

Na kai wa Farfesa takardar, ita ce shugabar binciken. Ban ce yayana ba ne. Mace ce mai kirki, sai dai in ba ka kai mutum ɗari ba, da ƙyar take ganin ka. Ta karanta, ta cire tabarau. Sannan ta ce masaƙar muke nazari gaba ɗaya, ba mutum guda ba. In muka fara bin diddigin rubutu, gobe ba wanda zai sake gaya mana gaskiya, masu masaƙa kuwa dalilin korar ma'aikaci suke nema ruwa a jallo. Abin haushin shi ne tana da gaskiya. Ta ce za a liƙa wa kowa sanarwa mai ɗauke da lambar wayar likita.

"Amsarsa ta yi wa na sauran nisa," ta ce. "Za ta karkatar mana da sakamako. Ki ware ta gefe."

Na ware ta. Jadawalin ya fito tsaf, ya nuna ma'aikatan suna da damuwa daidai gwargwado.

Ranar Asabar na je gidansa. Na same shi a tsakar gida ya kifa keken 'yarsa yana gyaran sarƙa, hannu duk baƙin mai. Ya tsokane ni kamar kullum, wai ga likitar ƙwaƙwalwa da ta kasa gyara tata. Matarsa tana shanya tana dariya. Na zauna a kan bokiti na riƙe masa taya. Na tambayi aiki, ya ce da godiya. Na tambayi barci, ya ce yana yi har da munshari. Na ce akwai sanarwa da za a liƙa a masaƙa, ya ce allon sanarwar nan ba mai duba shi sai ranar da aka fito da jerin masu hutu.

Maganar tana bakina, na kasa fitar da ita, na kasa haɗiye ta. In na faɗa, na karya alkawarin da ya sa ya buɗe cikinsa. In na yi shiru, ban san ranar da za a kira ni da mummunan labari ba.

Da matarsa ta shiga ɗaki sai ya rage murya, idonsa a kan sarƙar.

"Ƙanwata, takardun nan naku. Da gaske ba mai gane na wane ne?"

"Ba mai ganewa, Yaya."

"Har ke?"

Na kalli tayar da nake riƙe da ita. "Har ni."

Ya gyaɗa kai, ya sauke numfashi, ya goge hannunsa a wando.

"Madalla," ya ce. "Ai shi ya sa na rubuta gaskiya."