Kan Ragon Jerome

Tun daga bakin gareji Hashimu ya jiyo ƙaurin babbaka. Duk faɗin garin Sterling na Amurka mutum ɗaya ce za ta yi wannan aiki: mahaifiyarsa, Hajiya Tayyiba, da ta zo daga Katsina ganin likitan ido.

Ya same ta a bayan gida, ta ɗora wani ƙaton kai a kan murhun gashi tana kankarewa. Murɗaɗɗun ƙahonin kuwa tuni ta sa zarto ta guntule su, suna yashe gefen kwandon shara.

"Hajiya, ina kika samo wannan?"

"A firizarka mana. Kai irin wannan a bar shi da gashinsa? Lalacin matarka ya yi yawa."

Kan na maƙwabcinsa ne, Jerome. Shekara da shekaru bawan Allahn nan yana neman izinin farautar ragon dutse a jihar Montana, sai bana ya dace. Ya tafi a Nuwamba, lokacin barbara, sa'ad da manyan raguna ke fitowa fili suna karo saboda tumaki. Nama ya cika masa firiza, shi ne ya ba Hashimu ajiyar kan, kafin ya kai wa masu gyarawa a rataye a bango. Har rantsuwa Hashimu ya yi masa cewa ba mai taɓawa.

Ya yi ta bayani, Hajiya ta kasa ganewa.

"A bango? Ba za a ci ba?"

"Ado ne, Hajiya."

"Ado da kan rago? Ba shi da hoton 'ya'yansa?"

Ana haka Jerome ya leƙo ta katanga da fara'arsa. Ya dubi murhu, ya dubi gefen shara, fara'ar ta ɗauke. Kunya ta kama Hashimu, ya rasa inda zai sa kansa.

"Me ya ce?" in ji Hajiya.

"Bai ce komai ba."

Sai ta ajiye wuƙar. "Tsaya tukuna. Ka ce harbinsa ya yi? Wa ya yanka?"

"Ba wanda ya yanka."

Ta yi salati, ta sauke kan a faranti, ta ɗora ƙullin yaji a gefe, ta miƙa wa ɗanta.

"Mayar masa da kayansa. Ka ce ladan babbaka na yafe."

Hashimu ya nufi katanga riƙe da farantin, yana laluben Turancin da zai fara da shi.