Huskata a Zanen Depite

Ni ce Habsatu mai albasa, rumfa ta uku in ka shigo kasuwar Malanville ta wajen tasha. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban san baƙi ba, amma huskata ko a ina na gan ta ina gane ta. To ran wata Juma'a na gan ta a ɗuwawun Zuhura mai kihi.

Ta duƙa tana juye kihi a kwando, sai ga ni ina kallon kaina: baki buɗe, haƙoran nan huɗu da sunka rage mini duk a waje, hannuwa sama. Ta miƙe, na tsuke. Ta sake duƙawa, na baje kamar faranti.

Na ce, "Ke Zuhura! Wa kinka zauna a kai tun safe?"

Ta dube ni, ta murɗa wuya ta dubi bayanta, sai ta zube ƙasa da dariya. Wato ta sake zama kaina.

Zanen depite ne, ɗan majalisarmu. Kadiri ɗan Isaka mai kwalekwale ya cika shekara goma a Majalisa can Porto-Novo, shi ne ya sa anka buga atamfa a Kwatano anka raba ma mata. Hotonshi da doguwar hula, sai nawa, sai nashi, sai nawa, har ƙarshen turmi. Ƙarƙashin nawa akwai rubutu, wani ya karanta mini: wai iyaye mata suna godiya.

Godiya! Ranar da anka ɗauki hoton ga, Kadiri ya zo buɗe sabon famfo ne, daidai wurin da nike shanya albasa shekara ashirin. Tsine mashi nike yi. Mai hoto ya ga tsohuwa ta ɗaga hannu tana ihu, ya ɗauka guɗa ce.

Kadiri kuwa na san shi tun shina tsere bakin kogi ba wando. Aji shida ya yi ya gudu ya kama kabu-kabu, har ya taɓa kada ni da buhun albasa bisa gadar Gaya. 'Yan kabu-kabu sunka yi shi shugaba saboda shina iya tsare jandarma da surutu har jandarman ya gaji ya miƙo takardun babur. Daga nan konseye, wato kansila, daga konseye depite. Ba ni yi mashi ƙarya, kwanon da ke bisa rumfunanmu shi ya kawo. Amma kwano bai sayi huskata ba.

Wata guda ana zama kaina. A wurin suna, a bayan babur, a bakin murhu. Wata ta goya jariri da ni, yaron ya yi abin da jarirai ke yi. Fataken Kamba da ke ce mini Hajiya ko Makka ban je ba sunka koma ce mini Inna Kujera. Ran da surukata ta zo daga Toumboutou gaishe ni, ta durƙusa, ta miƙe, ta juya za ta hita na ga kaina ina yi mini bankwana, ran nan na ce ya isa.

Asabar da hantsi, lokacin da shike ganin mutane, na tahi gidanshi. Mai gadi ya ce in bi layi.

Na ce, "Layin mi? Wata guda ina cikin gidan ga, je ka dubi igiyar shanya."

Na ture shi na shiga. Kadiri shina zaune cikin falo da mutane sun kai ashirin. Ya miƙe da hannu biyu.

"Inna! Tauraruwarmu!"

"Rufe mini baki. Da kai nike ranar famfo, ko ba ka ji abin da na ce ba?"

"Ganga ta yi yawa, Inna. Na dai ga kin ɗaga hannu."

"To ka tara mini zannuwan nan duka a ƙone."

Ya shafa ƙeya. Wai turmi dubu biyu ne, sun kai Guéné, wasu ma sun ƙetare kogi. Wai zai ba ni sabuwar rumfa bakin titi. Na ce in zauna bakin titi in ƙara ganin kaina ina wucewa a babur?

Sai ga matarshi Ramatu ta shigo da ruwa, yarinya mai ladabi, ita ma da zanen. Ta aje kwano, ta juya. Ga ni nan. Wani ya kama tarin ƙarya.

Na ce, "Zo nan, ɗiyata." Na ja ta bayan labule. Niyyata in kwance abin in tahi da ko guda ɗaya. Ina kwancewa na lura taki biyu ne a jikin zanen tsakanin hotona da na Kadiri. Na ja bakin zanen na gusa shi, na ɗaura mata, na tura ta falo.

Ga ni a gaba, bisa gwiwa, tsab.

Na ce, "Juya."

Ta juya. Ga depite, hula da gashin baki, kunci ɗaya nan ɗaya can. Sakatarenshi ya toshe baki ya ruga waje, muna jin shi shina shaƙewa a tsakar gida. Wani dattijo ya riƙa salati hawaye na zuba.

Na ce, "Gobe ka shiga radiyo ka ce haka za a riƙa ɗaura shi."

"Inna, kin ga inda na koma?"

"Na san wurin. Can na kwana wata guda."

"Ni fa onorabul ne."

"Ni kuma tabarma ce? Mu 'yan albasa ɗari uku ne, ni ce uwarsu, zaɓe kuma ya kusa. Zaɓi inda kake son zama, Majalisa ko gida."

Ya dubi bayan matarshi ya daɗe. Ya ce, "Hular ma ta karkace." Sai dariya ta ƙwace mashi, ya riƙe ciki, falo duka ya ɗauka. Ni ban yi ba. To, na ɗan yi.

Washegari da safe ya yi magana a radiyo, da Dendi da Hausa. Wai don girmama iyaye mata, duk mai zanen ta ɗaura shi tsohuwa na gaba. Bai faɗi inda shi zai koma ba, mata sunka gano da kansu. Kahin azahar kasuwa ta rikice, ana shiga bayan rumfa ana gyara ɗauri ana hitowa da shewa. Na bi layi-layi da sanda ina dubawa. Wadda duk na samu a kaina, sai ta gyara nan take.

Da la'asar motarshi ta biyo ta bakin kasuwa a hankali, gilashi a sauke. Ba wanda ya shirya abin. Wata ce ta fara juya mashi baya, sai ta kusa da ita, sai layin albasa gaba ɗaya, ana tafi ana girgiza. Kadiri wajen ɗari biyu shina rawa a bakin titi.

Direba ya so ya taka mota. Depite ya dafa mashi kafaɗa, ya leƙo da kai, ya gyara hula, ya bi su yana ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi.