Mabuɗin Baba Rumbu

A ɗakin kwamfutoci na kamfanin rarraba magunguna, kowa da kujerarsa, kowa da kofin shayinsa, amma mabuɗin shiga rumbun bayanai ɗaya ne tal, kuma na Baba Rumbu ne. Shi ya kafa rumbun tun kamfanin bai wuce ɗan shago ba, shi ya sa laƙabin ya bi shi har sunansa na yanka ya ɓace. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo, kafin ya gama gaisuwa Baba ya raɗa masa kalmar sirrinsa a kunne. "Shiga da nawa, ɗana, kafin a yi maka naka." Naka ɗin kuwa, sai dai a ji a salansa.

Shugabar sashen ma da mabuɗin Baba ta fara. Shi ya koya mata aikin tun tana tsoron taɓa maɓalli, kuma ranar da aka ɗora ta a kansa shi ya fara miƙewa yana tsokanarta da "ranki ya daɗe". Ta san ƙa'ida sarai, kowa da mabuɗinsa, don a san wanda ya taɓa me. Ta sha ƙudurta gyarawa. Amma da wane baki za ta ce wa dattijon nan ya canja kalmarsa ya ɓoye wa 'ya'yansa? Gobe, jibi, bari wata ya ƙare. Haka ta yi ta ɗagawa.

Manhajar da rumbun ke gudana a kanta ta wani babban kamfani ce, kuma tana da wani mugun hali. Kamar mai gidan haya ne da ya ba ka ɗaki biyu, ya bar sauran a buɗe, ba kwaɗo ba gargaɗi. Ranar da ka leƙa ɗaya, ya rubuta ka tare a ciki. Kowane ƙarin sashe da lasisinsa daban, amma maɓallinsa na nan a gabanka, ko "ka tabbata?" ba ya tambaya.

Wata ranar ƙarshen wata rumbun ya cije. Motoci suka yi layi a bakin sito, asibitoci na ta bugo waya, Manaja na tsaye a ƙofa yana kumfar baki. Kowa ya duƙufa, wannan ya danna nan, wancan ya danna can, duk da sunan Baba. Can sai aiki ya saki, ya kama gudu kamar an buɗe famfo. Aka yi tafi, aka sake ɗora shayi. Ba wanda ya tambayi wa ya taɓa me, kuma tun ranar rumbun bai sake cijewa ba.

Laifin daɗi ƙarewa. Bayan an daɗe da mantawa, masu manhajar suka turo mai bincike, wani siriri mai yawan ladabi. Ya zauna, ya yi 'yan danne-danne, ya juyo da allon kwamfutar. Ashe tun waccan ranar sashen saurin aiki ke kunne, sashen da kamfani bai taɓa saya ba. A gefe kuma ga sunan wanda ya kunna: Baba Rumbu.

"Wallahi ba mu san ba namu ba ne," in ji Shugaba.

"Haka kowa ke cewa, ranki ya daɗe. Amma rashin kwaɗo ba kyauta ba ne."

Tarar da aka ɗora musu sai da ta sa masu kamfanin suka ce lallai a kawo musu mutum ɗaya da za a sallama. Shugaba ta shiga ofishin Manaja ta rufo ƙofa.

"Yallaɓai, ba lallai shi ba ne. Dukkanmu da mabuɗinsa muke shiga."

Manaja ya cire tabarau ya dube ta. "Ban ji ba. Kuma ki yi addu'a kada wancan siririn ya ji. In ya ji, rumbun nan kaf zai tone. Sannan a tambaya wa ya bar sashe guda da mabuɗi ɗaya. Wa kike ganin zai amsa?"

Ta juya za ta fita, ya ƙara da cewa:

"Gobe a wurin taro ki zaɓi abin da za ki faɗa."

Da yamma ta iso gida ta tarar maigidanta na gyara ƙafar kujera a tsakar gida, 'yarsu na ta bitar karatu da ƙarfi. Ta zayyana masa komai. Ya ajiye guduma.

"Ke kika danna?"

"Ban sani ba. Abin da ke cina ke nan. Zai iya zama ni."

"To ai sai ki ce haka."

Ta dubi yarinyar, ta dubi rufin da suka gyara bara da albashinta. Shi kuma ya koma kan gyaran kujerarsa.

A wurin taro aka haska sunan a bango. Manaja ya tambaya ko akwai mai magana. Shugaba ta buɗe baki, Allah ya sani ta buɗe, amma ta sake rufe shi. Ma'aikatanta duk suka sunkuyar da kai, kowa na nazarin farcensa. Baba Rumbu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kanta kaɗan, sannan ya gyara zama.

"Mabuɗina ne," in ji shi. "Abin da aka yi da shi, ni na yi."

Saura ƙiris ya yi ritaya a yi masa taron ban kwana. Sai ga shi yana zuba kofinsa da 'yar fankarsa a kwali, mai gadi na tsaye a kansa kamar wanda ya ɗauki wani abu. Ta bi shi har bakin matakala.

"Baba, ka yafe mini."

"Haba 'yata, riƙe mini ƙofar dai." Ya gyara kwalin a ƙirjinsa. "Ki yi wa yaran nan nasu mabuɗin. Tun tuni na so ki matsa mini, ni nauyin fara faɗa nake ji, kada su ce na daina yarda da su."

Ashe shi ma jira yake! Kunya ta hana ta, kunya ta hana shi, kalma ɗaya da ta wadatar. Ta riƙe masa ƙofar har ya fita.

Ta koma ta zauna yi wa kowa mabuɗinsa. Ko shayinta bai huce ba ta gama, aikin da ta yi shekaru tana ɗagawa. Saura abu ɗaya, goge sunan Baba daga rumbun da ya gina. Ta danna.

Manhajar nan, wadda ba ta tambayi kowa komai ba ranar da ta jefa su rami, sai ga ta da ladabi: "Kin tabbata?"

Shugaba ta daɗe tana kallon tambayar. Ta share ido da gefen mayafinta, ta danna "e".