Jiƙaƙƙen Hannu a Ɗakin Ƙyanƙyasar Tarwada

…kuma wai shi ne mai riƙe kan kifi. Shi! Shekara goma sha ɗaya yana matse cikin tarwada a ɗakin nan, yau ƙaninsa ne ke duba ƙwai, shi an bar shi da tawul a kafaɗa kamar wanda aka ɗauka aiki jiya.

Ƙwan na zubowa cikin kwano, kore-kore, babu fari ko ɗaya. Ai tun macen tarwadar na cikin tanki ya san ta nuna, yatsa kawai ya sa a cikinta. Amma ina! Sai Auta ya ɗiba ya ɗora a gilashi, ya leƙa madubin nan nasa mai ƙara girman abu, ya ɗago ya ce, "Baba, masu kyau ne." Baba kuwa sai gyaɗa kai yake, baki har kunne. Wata shida a makarantar kiwon kifi… wata shida kacal, an miƙa masa makullin ɗaki.

Wa ya koya wa Auta kama tarwada? Ranar da ƙaya ta shige masa tafin hannu, yana ihu yana majina, wa ya goya shi har gida? Shekarar da ƙwai suka yi ta ruɓewa, shi kaɗai ya tsaya ya tsince matattun ɗaya bayan ɗaya, idonsa kamar zai faɗo. "Sannu." Abin da Baba ya ce ke nan. Sannu!

Kishi ne, ya sani, ba sai an gaya masa ba. Kishin ɗan'uwansa ciki ɗaya.

Namijin ma Auta ne ya zaɓa. Shi ya nuna babban, Auta ya ce ƙaramin — a gaban Baba. An yanka, an feɗe, an tatse maniyyin a ɗan kofi, fari tas, da kauri kamar madara. Da ma ya fito tsararo. Da ma… In wannan zubin ya ƙyanƙyashe, shi da ɗakin nan sai dai shara.

"Yaya, riƙe min kofin nan, in goge gilashi," in ji Auta.

Hannunsa a jiƙe yake. Shi da bakinsa ya koya wa Auta: ruwa ba ya taɓa maniyyi sai an haɗa shi da ƙwai. Da ya ji ruwa zai farka, ya yi iyo na minti guda, ya mutu a banza. Ya goge hannun mana… me ya hana shi gogewa? Ruwan na gangarowa ta yatsunsa zuwa cikin kofin, yana kallo. Ɗigo ɗaya. Wani. Wani kuma. Auta na can yana yi wa Baba bayani, yana ta bayani — ɗige-ɗigen nan, zuba suka yi, ko zuba su ya yi?

Auta ya karɓa, ya ɗiga a gilashi, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye.

"Ƙwayoyin ba sa motsi, Baba." Ya ɗago kai. "Laifina ne. Da na bi zaɓin Yaya… Yaya, don Allah yanzu ya za mu yi?"

To, ga shi nan. Abin da yake so ke nan, ko ba shi ba? Yana tsaye yana jiran daɗin ya zo, ƙwan na bushewa a kwano, su biyu sun zuba masa ido… yana jira, har yanzu bai zo ba.