Hutun da Waliyyu Ya Ba Inna A'i

A Mungadi babu wanda bai san ƙulin A'i ba. Tun tana amarya take suyar gyaɗa a wani ɗan madafi marar taga, har bangonsa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Da wannan kaskon ta rufa wa kanta asiri bayan rasuwar mijinta, da shi ta aurar da 'ya'yanta mata, da shi ta raini autanta Waliyyu. Ranar kasuwa a ƙasa take zuwa Maiyama, kwalla a ka, kuma ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Hayaƙin bai nuna mata halinsa ba sai da furfura ta fito. Tari ya fara zuwa, busasshe, da safe. Daga baya haki ya biyo shi. Ta kai in ta ja guga a rijiya sai ta zauna a bakin rijiyar tana neman numfashi kamar wadda aka koro.

A lokacin Waliyyu ya zama Alhaji Waliyyu. Yana lodin albasa a Aliero yana turawa Kudu, ya gina gida a Jega mai ƙofar ƙarfe da daɓen tayil. Ranar da ya iske ta zaune a bakin rijiya, hawaye ya yi. Ya sa aka kwashe kayanta, ya kulle madafin da kansa, ya kawo ta Jega, washegari ya wuce da ita asibiti a Birnin Kebbi.

Likitar da ta duba ta mace ce, ana ce mata Raihanatu. Ta saurari ƙirjinta gaba da baya, ta sa ta hura wani bututu, sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Inna, hayaƙi ya ci huhunki, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Amma akwai saura, shi za mu tattala. Ga abin shaƙa, ga ƙwayoyi. Maganin da ya rage kuma yana ƙafarki."

"Ƙafata lahiya lau take, ɗiyata."

"To ki yi amfani da ita. Kowace safiya ki fita ki taka. Ki yi tafiyar da za ki ɗan yi haki amma kina iya magana. In numfashi ya tsaya miki, ki dakata, ki ja ta hanci, ki fitar ta baki a hankali kamar mai hura kunu da zafi, sai ki ci gaba. In kin ji ciwon ƙirji ko jiri, ki tsaya a kawo ki. Amma kada ki kwanta. Wanda ya kwanta don tsoron haki, ƙafarsa ce ke mutuwa, zuciya ta yi rauni, hakin ya ninka."

Waliyyu yana tsaye a bakin ƙofa, waya a kunne, yana faɗa da wani direba da ya tsaya a hanya. Ya ɗaga kai ya ce an gode, an gode.

A'i ta kama maganar likita da hannu biyu, don ita ce magana ta farko da aka yi mata a kan ciwon nan wadda ba "sannu" ba. Da hantsi sai ta yafa mayafi ta fita. Da farko iyakarta bakin masallacin unguwa, nan take dafa bango ta hura kununta na iska. Bayan 'yan makonni ta kai gindin wani dogonyaro inda mata ke sayar da ganye. Kafin damina ta faɗi, tana kaiwa inda ake hango gulbi. Tarin bai tafi ba, amma ta koma yin sallah a tsaye. Surukarta Mufida, matar Waliyyu, ta lura har abinci Inna ta fara cinyewa.

Sai wata rana a Aliero, Waliyyu na zaune a kan buhu cikin abokan sana'a, wani Bala da suka daɗe suna kishin ciniki ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Alhaji, jiya na ga Inna bakin hanya, ta dafa bangon mutane tana haki. Na ce ko motar ce ta lalace? In mai ne babu, ai sai ka yi magana mu taimaka."

Aka yi dariya. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Uwa hwa ba abin wasa ba ce." Wannan ta fi dariyar zafi.

Waliyyu ya dawo gida tun kafin la'asar. Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa, idonsa ja.

"Inna, mi na yi miki?"

"Auta, lahiya?"

"Duniya na zagina. Ana cewa na tara abin duniya na bar uwata tana jan ƙafa a titi. Wahalar da kika sha ba ta isa ba? Duk inda kike so, ga mota, ga direba."

"Ba wani wuri nike zuwa ba. Tahiyar ce magani. Kana nan likita ta hwaɗi."

"Likita ba ta san mutanen garin nan ba. Magani kuwa, ko na ina ne zan sawo. Don Allah, don Annabi, Inna, ki rufa mini asiri."

Ta dube shi. Wannan yaron ne da ta goya tana suya, hayaƙi na shiga idonsa yana kuka. Ba ta taɓa iya ganin hawayensa ba. Ta ce to.

Ta nemi dabara. Tunda ƙofa ta haramta, sai ta riƙa kewaya tsakar gida, daga ɗakinta zuwa gindin famfo, ta dawo, Mufida na taya ta hira don kada ta ƙosa. Tsakar gidan ba faɗi, kuma tayil ne ko'ina. Wata safiya an yi wanki ruwan sabulu bai bushe ba, santsi ya kwashe ta. Ba ta karye ba, gwiwa ce ta kumbura kawai. Amma Waliyyu ya yi wa Mufida faɗan da bai taɓa yi mata ba, a gaban 'yan aiki.

"Na ba ki amanar uwata, kin sa ta tana zagaye kamar mai horo! In ta sake tashi ba dalili, ke zan tambaya."

Daga ranar Mufida ta zama mai gadi. Ba da son ranta ba, A'i ta sani, don yarinyar ba ta iya haɗa ido da ita. In A'i ta yunƙura za ta ɗauki buta, an riga ta. In ta ce za ta leƙa waje, an kawo mata kujera bakin ƙofa. Aka sawo keken marasa lafiya mai sheƙi, aka ajiye shi kusa da gado. Aka sa mata talabijin da fanka. Nama da madara ba sa yankewa. Masu zuwa gaisuwa suna fita suna sa wa Waliyyu albarka.

Gwiwar ta warke cikin kwanaki. Ƙafar ce ba ta dawo ba. A'i tana kallon ƙaurinta yana zubewa, ya koma kamar sillen kara. Sallah ta koma zaune. Daga baya zuwa banɗaki ma ya zama tafiya, sai ta huta a hanya. Hakin da a da sai ta yi nisa yake zuwa, yanzu yana iske ta a kan gado, in ta ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali. Ta daina roƙo. Wani lokaci takan ji haushin Bala, wanda labarin maganarsa ya iso mata amma ba ta taɓa gani ba. Wani lokaci haushin kanta take ji, da ta ce to. Ɗanta kam ta kasa jin haushinsa, kuma wannan ya fi ci mata rai, don ba ta da inda za ta ajiye abin da ke ƙirjinta.

Da ƙafafunta suka fara kumbura aka mayar da ita asibiti, a kan keke. Likita Raihanatu ta gan ta, ta matso kusa. Ta danna ƙaurin da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Inna, ina tafiyarmu?"

Waliyyu ne ya amsa, da fara'ar wanda ya sauke nauyi. "Ai likita, ko tsinke ba mu bari ta ɗaga."

Likitar ta juyo ta dube shi, ta buɗe baki. A'i ta ga abin da ke shirin fitowa, ta ga ma'aikatan jinya biyu a tsaye, ta ga Mufida ta sunkuyar da kai.

"Ni ce na ƙi," in ji ta da sauri. "Ƙyuya ta tsufa. Yaron nan ba abin da bai yi mini ba."

Likitar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce yanzu zuciyar ma ta fara gajiya da tura jini cikin huhun, za a ƙara magani, kuma ko a zaune ne a riƙa motsa ƙafa da hannu, a riƙa tayar da ita tsaye ana riƙe da ita. Ta maimaita wa Waliyyu sau biyu, a hankali. Ya ce in sha Allahu. A mota ya ce wa Mufida likitocin yanzu ba su da tausayi.

Bayan girbi A'i ta ce tana so ta ga Mungadi. Wannan kam bai musa ba. Ya sa aka wanke mota, ya tuƙa da kansa. Suka wuce masu shanyar gero da masu kai albasa, tana kallon hanya ta gilashi, tana gane kowace kwana da ƙafarta ta sani.

A ƙofar gidanta keken ya ƙi tafiya cikin yashi. Ta ce a bar ta ta gwada. Ta sauko da ƙafa ɗaya, ta sauko da ta biyu, ta miƙe tana riƙe da ƙofar mota. Zauren yana nan gabanta, kusa ƙwarai. Ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta lanƙwashe, numfashi ya ɗauke. Waliyyu ya sungume ta kamar jaririya, ya ratsa mutanen da suka taru, ana ta cewa Allah ya yi albarka, Allah ya ba mu irinsa.

An shimfiɗa mata tabarma a inuwa, tana jingine tana haki, sai ga Uwani, maƙwabciyarta tun suna amare, wadda ta girme ta da shekaru. Daga gona take, ɗaurin kara a ka, ƙafa duk faso. Ta jefar da kayan, ta zauna, ta shafa atamfar A'i, ta leƙa motar da ke waje.

"A'i, ke kam kin huta. Dube ni, har yau ni ce gona, ni ce rijiya. Nawa ɗiyan ko waya ba su kira. Allah ya ba ki ɗa, wallahi."

A'i ta dubi ƙafafun Uwani. Ta jira har numfashi ya ishe ta kalma ɗaya.

"Alhamdulillahi," in ji ta.

Uwani ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa komai ba, ta ce bari ta je ta ɗora tukunya ta dawo.